Shaidar Mai Zaman Banza

Na san wasu daga cikin masu karatuna za su riƙe baki, su ce yau kuma me ya haɗa marubuciyar labaran soyayya da zancen wayar mota, ita da ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba? To 'yar'uwa ki yi haƙuri ki biyo ni, don abin da zan ba ki labarinsa ya ci mini kuɗin buga littafi guda, ya kusa cin sana'ar maigidana, kuma sai da ya sa muka yi kwana uku ni da shi ba mai ce wa wani ci kanka.

Motar maigidan nawa tsohuwar Land Cruiser ce ƙirar 1994, irin mai jan ƙafa huɗu, mai fulogi shida, giyarta otomatik. Daga Amurka aka kawo ta ta Kwatano tun ina firamare, ta bi hannun mutum uku kafin ta iso hannunsa. Yaran gidanmu Giwa suke ce mata. Da ita yake shiga ƙauyukan Jigawa sayen riɗi da zoɓo yana haɗa wa manyan 'yan kasuwar Dawanau, hanyoyin da in rani ne rairayi, in damina ce taɓo, ƙaramar mota ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abokansa suke damunsa da ya rabu da ita, wai shan manta ya fi na raƙumi. Shi kuwa amsarsa guda ce, ya ce sabuwar da za ta shiga inda Giwa take shiga, kuɗinta ya fi na gidan da muke ciki.

Abin ya faro ne a watan Agusta na 2024. Mun je wani ƙauye gaba da Gumel ɗauko Inna, mahaifiyarsa, za mu kawo ta asibiti Kano saboda kumburin ƙafa da ya sako ta gaba. Mun sha gargada sosai kafin mu hau kwalta, da muka hau sai ya tsaya gefen hanya muka yi sallar la'asar. Muka dawo, ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa gir-gir-gir amma ya ƙi kamawa. Ya sake, ya sake, shiru kake ji. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ga Inna a baya tana nishi, ga shi motar ba irin mai tashi da turi ba ce. Mun fi awa biyu a wurin. Can Allah ya kawo wani bawan Allah a kan babur, ya leƙa cikin bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir, ya ce a gwada. Ai kuwa taɓa makulli ɗaya ta tashi, kamar ba ita ba.

Ni kuwa da ke zaune a kujerar mai zaman banza, idona ya kai kan ɗan agogon da ke jikin motar, sai na ga ya nuna 1:00, alhali shida ta kusa. Na ce, "Alhaji, agogon motar nan fa ya koma ƙarfe ɗaya."

Ko kallona bai yi ba ya ce, "Haba ke kuwa, ana ta kai wa yake ta kaya? Ki yi mana addu'a mu isa gida kawai."

Na ja bakina na yi shiru, don gaskiyarsa ce, a wannan lokacin ba wanda yake ta agogo.

Daga ranar Giwa ta shiga yawon gareji. Bakaniken farko ya ce batir ne, aka sayi sabo. Har maigidan yake ba ni labari da jin daɗi wai ya ga gwaninta, mutumin ya cire kan batir inji yana aiki don ya tabbatar da cewa caji yana shiga. Ta yi kwana shida lafiya, ran na bakwai ta mace masa a kasuwar ƙauye da buhun riɗi a bayanta. Na biyu ya ce famfon mai ne da ke cikin tanki, aka sayo, aka sa. Na uku ya ce wuta ce ba ta zuwa, aka canja fulogi shida da koyil. Kowa ya taɓa ta sai ta tashi a gabansa, ya karɓi kuɗinsa ana yi masa godiya, bayan 'yan kwanaki ta koma 'yar gidan jiya. Abin da ya fi ba da haushi, ba ta taɓa macewa a ƙofar gareji ba, sai a dokar daji.

Ni dai zancen agogon nan ya ƙi fita daga raina. Kin san mu marubuta da bin ƙwaƙƙwafi, abin da mutane suka tsallake shi muke tsintowa mu gina labari a kai. Duk ranar da ya dawo yana faɗan mota ta ba shi wahala, sai na aiki babban ɗana ya kunna makulli ya dubo mini ƙarfe nawa agogonta ya nuna. In ya ce mini huɗu da rabi, sai na lissafa baya, na cire awa uku da rabi daga lokacin da muke ciki, sai na ga ya faɗa daidai lokacin da Alhaji ya ce ta tashi. Na riƙa rubutawa a bangon littafin da nake rubuta labarina. Ban da ranakun da aka cire mata batir a gareji, sau biyar ta mace, sau biyar agogo ya koma ƙarfe ɗaya. Na sake yi masa maganar, ya yi dariya ya ce, "Maman yara, agogo daban, inji daban. Ki bar wa masu abu abinsu."

Ana nan sai aka haɗa shi da wani matashi mai duba mota da kwamfuta. Aka ce wannan ba ya lalube, na'ura ce take faɗa masa ciwon. Yaro ya zo har ƙofar gida da jakarsa, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona na'urar, ya yi nema har ya gaji bai samu ba. Maimakon ya ce bai san kan irin wannan motar ba, sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce tunda an canja batir da famfo da koyil abin bai tafi ba, to babu tantama ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, wato ɗan akwatin kwamfutar da ke ɓoye a bayan aljihun gaban mai zaman banza, wanda yake auna wa inji mai da wuta.

Da aka tambayo a Ƙofar Ruwa, aka ce ta hannu, 'yar Beljiyam, naira dubu 180. A lokacin kuwa kakar riɗi ta ƙarato, jarin maigidan duk yana hannun manoma. Ni kuma ina da dubu 200 da na shekara biyu ina tarawa da adashi da ɗinkin huluna, kuɗin da zan kai wa maɗaba'a kafin alƙalami na littafina na uku. Na kwana ina juyi, da asuba na ƙirgo na miƙa masa. Ya ce, "A'a, wannan ai na littafinki ne." Na ce, "Alhaji, in Giwa ta kwanta, da me za mu ci tuwon da zan samu ƙarfin yin rubutun?"

Aka sa sabuwar ƙwaƙwalwa ranar Talata. Ranar Lahadi ta mace.

Wallahi ranar ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Baƙin cikin kuɗin ya sa na faɗi maganar da bai kamata ba, na ce da an saurari zancena da ba a kai ga haka ba, shi ma ya mayar mini da wadda ta fi ta zafi, ya ce ashe gori zan yi masa. Shi ke nan gida ya ɗauki shiru. A waje kuma masu ba da shawara suka yi caa. Wani ya ce baki ne ya kama motar, wata maƙwabciyarmu ta ce ai tunda a daji kawai take macewa, mutanen ɓoye ne suke shiga, a yi mata hayaƙi. Har wani mai sayen tsofaffin motoci yana yankawa ya zo ya zagaya ta ya yi tayi, tayin da ko kuɗin tayoyinta bai kai ba. Na ji Alhaji yana ce masa ya dawo ranar Asabar.

Ranar Juma'a sai ga Kawuna ya zo duba Inna. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura saba'in, aikin wayar mota ya yi tun yana saurayi har idonsa ya fara rauni ya bar wa yaransa garejin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Yana ganin fuskata ya ce, "Uwata, wa ya taɓa mini ke?" Na kwashe labari tun daga hanyar Gumel na faɗa masa. Ban yi niyyar kawo zancen agogo ba don na gaji da a yi mini dariya, sai da na zo ƙarshe ya suɓuce mini. Sai na ga tsoho ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

Ya ce, "Sake faɗa mini. Ƙarfe nawa yake komawa?"

Na ce, "Ƙarfe ɗaya daidai, Kawu." Na ɗauko bangon littafin na nuna masa.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa aka kira maigidan. Bai nemi sifana ba, bai ce a buɗe bonet ba, tambayoyi ya shiga jero masa kamar alƙali. Tana cikin tafiya take mutuwa ko sai an kashe ta take ƙin tashi? Bayan an bi kwalta ne ko bayan an sha gargada? In ta ƙi tashi, oda tana yi? Sai kuma ya ce, "In ka murɗa makulli kafin ka tayar, akwai 'yar fitila mai ruwan lemo da take kamawa, wadda ake ce wa cek. Ranar da ta ƙi tashi, fitilar nan tana kamawa ko ba ta kamawa?"

Alhaji ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu ban taɓa lura ba."

Kawu ya ce, "Cikin duk waɗanda suka taɓa motar nan, akwai wanda ya tambaye ka?"

Ya ce babu.

A nan ne ya yi mana bayanin da har yau yake kaina. Ya ce wannan fitilar ita ce sallamar kwamfutar mota. In ka murɗa makulli ta kama, to kwamfuta ta farka, ta samu wuta. In ba ta kama ba, ko ƙwan ya mutu, ko kuwa wuta ce ba ta isa ga kwamfutar ba sam, kuma kwamfutar da ba ta samu wuta ba ba za ta saki mai ba, ba za ta ba da tartsatsi ba, ko da jiya aka ƙera ta. Inji kuwa zai yi ta juyawa, don abin da ke juya shi yana da tasa ƙatuwar wayar daga batir kai tsaye. Game da yaron mai na'ura kuma ya ce ba laifin na'urarsa ba ne. Daga 1996 ne Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a ƙasarta soket iri ɗaya mai rami 16 a kusa da sitiyari, shi na'urorin yanzu suke nema. Giwa ta riga dokar zuwa duniya da shekara biyu, nata yaren daban ne.

Muka fita wajen motar, ni da mayafina. Ranar kuwa lafiyarta ƙalau, taɓawa ɗaya ta tashi. Ya zaro 'yar tsohuwar mitarsa daga aljihu, wadda ko masallaci ba ya zuwa babu ita, ya auna batir inji a kashe ya ga 12.6, aka tayar ya ga ta haura 14 da kaɗan. Ya ce batir lafiya, caji lafiya, kuma ga yadda ake gwadawa ke nan. Cire kan batir inji yana aiki kuwa, ya ce a motar da ke da kwamfuta ganganci ne, don wuta tana iya yin tsalle ta ƙone ta, Allah ne ya tsare.

Sai ya sa aka kashe. A cikin bonet, can jikin bango, ya buɗe wani ɗan baƙin akwati da bai kai na ashana biyu ba, an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Ya ce in ba shi abin maƙale takarda. Na ciro ɗaya daga jikin rubutuna, ya miƙar da shi ya lanƙwasa, ya sa ɗana ya karanto masa haruffan da ke cikin murfin, ya haɗa ramin da ake kira TE1 da wanda ake kira E1. Ya ce, "Uwata, shiga mazauninki ki zama idona. Alhaji, murɗa makulli amma kada ka tayar."

Fitilar ta fara ƙiftawa. Ya ce da ƙiftawar take magana. In ta yi biyu ta ɗan tsaya ta sake yin biyu, 22 ke nan, tana ƙarar abin da ke auna zafin ruwan inji. In ta yi ɗaya ta tsaya ta yi biyu, 12 ke nan, ba ta jin juyawar inji. Na zuba ido ina shirin ƙirga, sai na ga ita ƙiftawa kawai take yi ba tsayawa, ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf. Na faɗa masa. Ya ce, "Wato ta ce ba ta da ƙorafin komai."

Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, shi ma Kawu ta rufe masa baki. Shi kuwa murmushi ya yi. Ya ce, "Motar da ta mace ran Lahadi ta ce ba ta tuna komai, ai wannan ma magana ce. Kwamfutar nan tana riƙe abin da ya faru ne muddin wutar batir ba ta yanke mata ba. Da ta yanke, ta manta. Haka shi ma agogo, da wuta ta yanke masa sai ya koma ƙarfe ɗaya. Su biyun a rijiya ɗaya suke shan ruwa. Mu nemo inda igiyar gugar ta tsinke."

Ya zare ƙarfen, fitila ta tsaya cak a kunne. Ya ce kada na ɗauke ido daga kanta da agogon. Ya fara bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa a hankali. Ya taɓa akwatin fis, shiru. Ya taɓa wayar da ke ɗaure da jikin mota, shiru. Da hannunsa ya kai kan wasu gajerun wayoyi guda uku da suka fito daga jan kan batir, ban san lokacin da na ƙwalla ƙara ba, "Kawu ta mutu! Agogon ma ya ɗauke!" Ya saki, suka dawo, agogo ya nuna 1:00. Ya ce Alhaji ya danna oda, ya sake lanƙwasa wayar, oda ta yi shiru. Maigidana ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan.

Kawu ya kwance wayar, tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba. A ido lafiyayya ce sumul. Ya kama bakinta biyu ya ja, sai ta miƙe kamar roba. Ya tsaga rigarta da reza, sai ga koren gari yana zuba, silin tagullar duk sun rube, saura biyu ko uku da suke taɓa juna in sun ga dama. Ya ce waɗannan wayoyin masu gadi ne, da gangan aka yi su sirara fiye da wayar da suke karewa, don in wuta ta haɗu su narke kafin mota ta kama. Wannan ta yi gadinta shekara 30 a gefen batir tana shaƙar tururin ruwansa, ba ta ci amanar kowa ba, tsufa ne ya cim mata. In an sha gargada silin su rabu, in wani ya buɗe bonet ya taɓa batir su koma su haɗu. Shi ya sa duk wanda ya taɓa ta sai ta tashi a hannunsa ya zama gwani, har da mai dutsen hanyar Gumel.

Alhaji ya ce bari a samo guntuwar waya a ɗaura. Kawu ya daka masa tsawa kamar ɗansa, ya ce in ya sa wayar gama-gari a wurin, ranar da wuta ta haɗu ba abin da zai narke sai motar gaba ɗayanta. Aka aika Ƙofar Ruwa aka samo irinta, duka ukun aka canja, kuɗinsu bai kai na cefanen kwana biyu ba. Don a kore shakka Kawu ya sa aka mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar, taɓawa ɗaya Giwa ta tashi. Wadda aka saya da kuɗina kuwa, mai kaya ya ce kayan wuta in sun fita ba sa dawowa, kuma tun farko ya faɗa. Tana nan cikin kwabata a naɗe da tsumma, kusa da kwanukan aurena.

Da mai yankan motoci ya dawo ranar Asabar, Alhaji ya ba shi haƙuri. Da daddare ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado ya daɗe, can ya ce, "Maman yara, ashe agogo da inji ba daban ba ne." Na ce, "Ni ma ban sani ba Alhaji, gani kawai na yi." Iyakar ban-haƙurin da aka yi ke nan, kuma ya ishe ni. Kuɗina sai bayan kaka ya biya ni, a lokacin takarda ta ƙara tsada, littafin da na so fitarwa a 2024 bai fito ba sai 2025.

Ba na cewa makanikan nan macuta ne. Kowannensu ya canja abin da ya saba gani yana lalacewa, kuma sau da yawa hakan yana dacewa. Abin da ya raba su da Kawu shi ne, su da hannu suka fara, shi da kunne ya fara. Mutum huɗu sun karɓi kuɗi a kan motar nan, ba wanda ya tambayi me aka gani a ranar da ta mace, balle ya tambayi wadda ke zaune a gefe ba ta da aikin komai sai kallo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, ni kuwa na ga ƙuƙumin da ya ci dubu 180.

Don haka 'yar'uwa, in tsohuwar motar gidanku ta fara irin wannan wasan na yau lafiya gobe babu, kada ki ce ba ruwanki. Ki lura ko fitilar cek tana kamawa in an murɗa makulli. Ki lura da agogo, da rediyo, da oda, da abin da ya ɗauke tare da ita. Ki rubuta rana da irin hanyar da aka bi. Kada a bari a cire kan batir kafin a karanta abin da kwamfutar ta riƙe, don cirewar share shaida ce. Kuma duk wanda ya ce ƙwaƙwalwa ce, a tambaye shi cikin ladabi ko ya auna ya ga wuta tana isa gare ta, tunda ita ce mafi tsada, ita ya kamata a zarga a ƙarshe.

Giwa tana nan tana shiga ƙauye har yau. Duk ranar da zan shiga cikinta, kafin na gyara zaman mayafina sai na ji maigidan ya ce, "Maman yara, duba mana agogo." Ni kuwa sai na duba.